SimPy a Masana'antar Ƙarfe: Bitar Manhajar Kwaikwayo don Tsara Jeren Ayyuka

Duk masana'antar da ke karɓar oda iri-iri, wadda yau za a kawo mata ƙofar ƙarfe, gobe ƙafar injin niƙa, jibi tankin ruwa, tana fama da tambaya guda sau da yawa a kowane wuni: idan inji ya gama abin da yake kai, ga kuma ayyuka huɗu ko biyar suna jiransa, wanne za a ɗora masa? Kowane aiki yana da hanyarsa, wani ya fara da yanka ya wuce huda sannan walda, wani ya fara da sassaƙa ya koma yanka, kuma duk shawarar da aka yanke a gaban inji ɗaya tana sauya abin da zai taru a gaban sauran bayan wasu sa'o'i. Wannan bita ta shafi SimPy ne, ƙunshin kayan aiki na Python, harshen rubuta shirin kwamfuta, wanda ake gina kwaikwayon irin wannan masana'anta da shi a kwamfuta, domin a gwada ƙa'idojin jera ayyuka ba tare da an taɓa inji na gaske ko an saɓa wa kwastoma ba. Na yi amfani da shi wajen nazarin wata matsakaiciyar masana'antar ƙera kayan ƙarfe, kuma a kan wannan amfani ne na gina hukuncina.

Kafin a kai ga manhajar, yana da kyau a san dalilin da ya sa ake komawa ga kwaikwayo tun farko. Idan ayyuka 10 suna jiran inji ɗaya, ana iya jera su ta hanyoyi 3,628,800, idan kuma injunan 10 ne kowane aiki zai bi ta kansu, adadin jeren da za a iya rubutawa ya kai lamba mai alƙaluma 66. A 1954 S. M. Johnson ya fitar da ƙa'idar da ke ba da mafi kyawun jere ga injuna biyu waɗanda ayyuka ke bi a tsari ɗaya, amma da zarar an wuce nan sai lissafi ya yi nauyi. Shahararren misalin ayyuka 10 da injuna 10 da Fisher da Thompson suka gabatar a 1963 ya zauna ba a tabbatar da amsarsa ba har 1989, lokacin da Carlier da Pinson suka nuna cewa 930 ne mafi ƙarancin lokacin kammala shi. Wannan kuwa misali ne a kan takarda, wanda babu lalacewar inji a cikinsa, babu ɗaukewar wuta, babu sabuwar oda da za ta shigo da tsakar rana. Saboda haka tun a tsakiyar shekarun 1960 masu bincike irin su Richard Conway suka ɗauki wata hanya, suka gina masana'anta ta ƙirƙira a kwamfuta, suna zuba mata ayyuka ba ƙaƙƙautawa, suna kwatanta sakamakon ƙa'idoji daban-daban na zaɓen aikin da zai hau inji. Abin da SimPy ke ba mutum damar yi ke nan a yau a kan kwamfutar tafi-da-gidanka.

Klaus Müller da Tony Vignaux ne suka fara fitar da SimPy a 2002, bisa tunanin da ya samo asali daga Simula, harshen da Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka ƙirƙira a Norway a shekarun 1960. A 2013 aka sake rubuta shi daga tushe a matsayin fitowa ta 3, aikin da Stefan Scherfke da Ontje Lünsdorf suka jagoranta, sannan fitowa ta 4 ta zo a 2020 ta daina aiki da tsohon Python na 2. Kyauta ne, a ƙarƙashin lasisin MIT, ana sauke shi da umarni ɗaya, ba ya buƙatar wasu manyan manhajoji a gefe, kuma bayan an sauke shi ba a buƙatar intanet. Ga wanda ya san yadda ake biyan lasisin manhajojin masana'antu da dala, wannan kaɗai ya isa dalilin duba shi.

Yadda yake aiki mai sauƙin fahimta ne. Agogon kwaikwayon ba ya tafiya daƙiƙa bayan daƙiƙa, tsalle yake yi daga aukuwa zuwa aukuwa: shigowar oda, gama yanka, lalacewar inji, dawowar wuta. Ana rubuta kowane aiki a matsayin labarin tafiyarsa, wato ya nemi injin yanka, ya jira har a ba shi, ya riƙe shi na minti kaza, ya sake shi, ya nemi na gaba. Duk inda aikin zai tsaya jira sai a rubuta kalmar yield, daga nan SimPy ya ajiye shi ya kula da sauran har lokacinsa ya zo. Inji kuwa ana wakiltarsa da abin da ake kira Resource, wanda ke da adadin gurabe da layin masu jira. Abin da ya fi burge ni shi ne cewa rubutun yana karantuwa kusan kamar katin aiki na masana'anta, har mai lura da ma'aikata, wanda bai taɓa rubuta shirin kwamfuta ba, ya iya bin sahun matakan da aka karanta masa ya ce an tsallake goge walda kafin fenti. A cikin misalan da ke tare da bayanan manhajar akwai na wani shagon injuna da mai gyara guda ɗaya, kuma daga nan ya fi dacewa mai nazarin masana'anta ya fara.

Ƙa'idojin da aka fi gwadawa guda uku ne, kuma dukansu suna shiga SimPy cikin sauƙi. Ta farko ita ce wanda ya riga zuwa ya riga hawa, wadda Resource ke bi da kansa. Ta biyu ita ce a fara da aikin da ya fi gajarta, ta uku kuma a fara da wanda ranar alkawarinsa ta fi kusa, kuma waɗannan biyun ana yin su ne da PriorityResource, inda kowane aiki ke shiga layi da lambar fifiko, mai ƙaramar lamba ya wuce gaba. Ƙa'idar gajeren aiki ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin mai injin niƙa ya ga an bar yarinya mai ɗan kwano ta wuce gaban mai buhu. A ɗauka ayyuka uku suna jiran inji ɗaya, na sa'a 8 da na sa'a 2 da na sa'a 5. Idan aka bi su a haka, za su fita a sa'a ta 8 da ta 10 da ta 15, matsakaicin zamansu sa'a 11 ke nan, amma idan aka fara da gajere za su fita a ta 2 da ta 7 da ta 15, matsakaicin ya sauko zuwa 8, alhali injin bai ƙara gudu ba kuma bai tashi da wuri ba. A kan inji ɗaya an tabbatar da wannan da lissafi tun 1956 a aikin W. E. Smith, kamar yadda J. R. Jackson ya nuna a 1955 cewa bin ranar alkawari ne ke rage mafi munin jinkiri. A masana'anta mai injuna da yawa babu irin wannan tabbaci, kuma nan ne kwaikwayo ke nuna amfaninsa. Gwaje-gwajen Conway sun nuna cewa ƙa'idar gajeren aiki tana rage matsakaicin zaman ayyuka ƙwarai, sai dai dogayen ayyuka na iya daɗewa a layi ana ta tsallake su. Haka na gani a nawa kwaikwayon: matsakaicin ya yi kyau, amma manyan ayyuka irin su tankuna, waɗanda su ne masu kawo kuɗi mai kauri, su ne suka fi shan jira a gaban injin walda. Da matsakaici kaɗai na duba, da wannan bai fito ba.

A nan ne kuma na ci karo da babban raunin SimPy ga mai wannan nazari, kuma zan daɗe a kansa domin shi ne zai fi cin lokacin duk wanda ya ɗauke shi. PriorityResource yana karɓar lambar fifiko ne a lokacin da aiki ya shiga layi, kuma ba ya sake duba ta. Wannan ya wadatar ga ƙa'idojin da lambarsu ba ta sauyawa, kamar tsawon aiki ko ranar alkawari. Amma ƙa'idoji da dama da masana'antu suka fi buƙata suna sauyawa da tafiyar agogo, misali wadda ke raba lokacin da ya rage kafin ranar alkawari da yawan aikin da ya rage a yi, domin aikin da yake da sarari da safe yana iya zama na gaggawa da yamma ya kuma wuce wanda ke gabansa a da. Haka nan batun shirya inji: idan injin fenti ya gama baƙi, ɗora masa wani baƙin ya fi sauƙi a kan wanke shi a koma fari, don haka fifikon kowane aiki ya dogara ne a kan abin da injin ya sauke yanzu, abin da ba a sani ba lokacin shiga layi. Babu wani kayan aiki a SimPy da ke yin wannan kai tsaye. Mafita ita ce a juya tsarin gaba ɗaya, a mai da inji ya zama shi ne mai zaɓe: ayyuka su taru a jerin da mutum ya gina da kansa, inji kuma duk lokacin da ya sauke aiki ya duba jerin, ya lissafa fifikon kowa a wannan lokacin, ya ɗauki wanda ya ci. Rubutun ba shi da tsawo, kuma bayan an yi shi sauya ƙa'ida ba ya wuce sauya ɗan lissafi guda, amma mai koyo da ya bi misalan farko zai gina komai a kan PriorityResource kafin ya gano cewa dole ya rushe. Shawarata ita ce a fara da tsarin inji mai zaɓe tun ranar farko.

Akwai wani ƙaramin tarko mai alaƙa da wannan. Idan inji ba ya aiki, SimPy yana ba wa mai nema na farko nan take, ba tare da jiran ganin ko akwai wasu da za su nema a wannan minti ɗin ba. Saboda haka idan aka saki ayyuka duka a farkon kwaikwayo, wanda aka fara rubutawa shi zai hau inji ko da shi ne mafi tsawo, kuma ƙa'idar fifiko sai daga na biyu za ta fara aiki. A kwaikwayon watanni wannan ba ya tasiri sosai, amma ga ɗalibin da ke gwada ƙaramin misali yana kwatantawa da lissafin hannu, amsa za ta saɓa ya rasa dalili. Haka ma idan aiki yana buƙatar inji da ma'aikaci a tare, manhajar tana ba da damar neman biyun lokaci ɗaya, sai dai aikin zai riƙe duk wanda ya fara samu yana jiran ɗayan, wanda zai iya sa inji ya zauna a kulle yana jiran mai walda da ke wani wurin. Wani lokaci hakan ne ke faruwa a zahiri, wani lokaci kuma kuskuren tsari ne, kuma SimPy ba zai faɗa wa mutum wanne ne ba.

Inda ya yi fice kuwa shi ne katsewar aiki. PreemptiveResource yana ba aiki mai fifiko damar sauke wanda ke kan inji, yana kuma sanar da wanda aka sauke lokacin da ya fara, ta yadda za a lissafa abin da ya rage masa. Da wannan na wakilci lalacewar inji da ɗaukewar wuta, har da bambancin injunan da janareta ke iya ɗauka da waɗanda sai wuta ta dawo. Da shi kuma na wakilci ƙa'idar da ba a rubuta ta a ko'ina ba amma ita ce ke mulki a masana'antu da yawa, wato mai gida ya leƙo ya ce, "A sauke wannan, na Alhaji za a yi, gobe zai aiko da mota, kuma ya ba da kafin alƙalami." Da aka sa irin wannan kutse cikin kwaikwayo, sai aka ga abin da kowa ke zargi amma ba ya iya nunawa, wato kowane aikin gaggawa yana haifar da wasu ayyukan gaggawa, domin waɗanda aka sauke suna matsowa ga ranar alkawarinsu, ga kuma lokacin sake shirya inji da aka yi asara sau biyu. Ban ce a daina ba, domin akwai kwastoman da masana'anta ba za ta iya rasa shi ba, amma aƙalla mai gida ya ga farashin abin a sa'o'i.

Wani darasi da kwaikwayon ke fitarwa fili shi ne alaƙar cikar inji da tsawon layi. Lissafin layin jira mafi sauƙi, wanda ke ɗaukar cewa zuwan ayyuka da tsawonsu duk na ƙuri'a ne, wato ba su bin tsayayyen tsari, ya nuna cewa idan inji yana cikin aiki kashi 80 cikin 100 na lokacinsa, matsakaicin jira ya ninka tsawon aikin sau 4, a kashi 90 ya ninka sau 9, a kashi 95 kuma sau 19. Masu masana'antu suna ƙin ganin inji a tsaye, amma wannan ne ya sa alkawarin mako ɗaya ke zama wata. Ƙa'idar da John Little ya tabbatar a 1961, cewa matsakaicin adadin ayyukan da ke cikin masana'anta daidai yake da yawan shigowarsu a ninka da matsakaicin zamansu, tana da amfani na biyu ga mai SimPy: hanya ce mai arha ta gane ko rubutunsa na da kuskure, domin idan alƙaluman da kwaikwayon ya fitar ba su yi daidai da ita ba, akwai aikin da ya ɓace a hanya ko aka ƙirga sau biyu.

SimPy ba ya tara alƙaluma da kansa, ba ya zana hoto, ba ya nuna injuna suna motsi. Fitowa ta 2 tana da kayan tattara bayanai da zane, amma an cire su a ta 3, don haka mutum ne zai rubuta lokacin shiga da fitar kowane aiki, ya kai su Pandas, kayan Python na sarrafa alƙaluma, ko takardar lissafi, ya zana jadawalin Gantt, mai nuna lokacin da kowane aiki ya hau inji ya sauka, da Matplotlib, kayan zane na Python. Ga wanda ya saba da Python wannan ba komai ba ne, wataƙila ma ya fi son hakan. Amma haɗarin yana wani wuri: manhajar ba ta tilasta wa mutum kiyaye ƙa'idojin ƙididdiga. Kwaikwayo yana farawa da masana'anta fayau babu layi, don haka dole a zubar da alƙaluman farko har sai abubuwa sun daidaita. Gudanar da kwaikwayon sau ɗaya ba hujja ba ne, dole a maimaita da lambobin ƙuri'a daban-daban a duba yadda sakamakon ke warwatsuwa. Idan kuma ana kwatanta ƙa'idoji biyu, ya kamata a ba su jerin oda iri ɗaya, wanda ke nufin a ware wa shigowar oda da tsawon aiki da lalacewar inji kowanne nasa mafarin ƙuri'a, in ba haka ba sauya ƙa'ida zai sauya ayyukan da ake gwadawa a kansu. Duk wannan a wuyan mai amfani yake.

Manhajojin kasuwa sun fi shi ta wannan fuska nesa ba kusa ba. Arena na kamfanin Rockwell Automation, da Simio, da AnyLogic, da FlexSim wanda Autodesk ya saya a 2023, suna ba da damar gina masana'anta ta jawo akwatuna a haɗa su, suna fitar da rahoto da kansu, suna kuma nuna motsin kaya a allo. Wannan hoton ba ado ba ne kawai, domin mai gidan da ba zai karanta tebur na alƙaluma ba zai tsaya ya kalli layi yana taruwa a gaban injin walda ya gane nasa ne. Suna da nau'in koyo na kyauta ko na ɗalibai, amma da iyaka a kan girman abin da za a gina ko amfanin da za a yi da shi. Wanda yake son zama cikin Python kuma yana son hoto mai motsi zai iya duba Salabim na Ruud van der Ham. Duk da haka, a kan tambayar jera ayyuka ita kanta, na fi son SimPy, domin ƙa'idar zaɓe tana rubuce a fili cikin 'yan layuka, ba a ɓoye cikin akwatunan saiti ba, kuma duk wanda ke da shakka zai iya karanta ta.

Aikin da ya fi cin lokaci ba a kwamfuta yake ba. Katin aiki a masana'antar da na duba yana ɗauke da sunan kaya da ranar karɓa da kalmar "an gama", sau da yawa da tabon man inji a kai, amma babu sa'ar da aiki ya hau inji ko ya sauka, kuma ma'aunin da ake bi na rubuce ne da alli a jikin ƙarfen kansa. Idan aka tambayi mai walda tsawon lokacin haɗa ƙofa, zai faɗi na ranar da komai ya tafi daidai, ba zai haɗa da neman waya ko jiran mai yanka ba. Dole mutum ya tsaya da agogo ya auna, ya kuma rubuta bambancin da ke tsakanin aiki da aiki, domin wannan bambancin ne ke haifar da layi. Wanda ya zuba matsakaici kaɗai a cikin SimPy zai sami masana'anta mai ladabi wadda ba ta kama da tasa.

Ya kamata kuma mai saukewa ya san cewa SimPy ba ya nemo mafi kyawun jere. Yana amsa tambayar abin da zai faru idan aka bi ƙa'ida kaza ne kawai, kuma ba zai kawo ƙa'idar da ba a rubuta masa ba. Wanda ke da sanannun ayyuka na mako mai zuwa kuma yana son jadawali mafi gajarta, abin da yake buƙata shi ne manhajar warware lissafi irin CP-SAT da ke cikin OR-Tools na Google, wadda ita ma kyauta ce, tana aiki da Python, kuma bayananta na ɗauke da misalin irin wannan masana'anta. Haɗa biyun ya fi amfani da ɗaya: CP-SAT ya fitar da jadawali bisa lokutan da aka ƙiyasta, sannan a ɗora jadawalin a SimPy a sake masa ɗaukewar wuta da lalacewar inji da odar gaggawa, a ga ko zai kai Laraba bai wargaje ba, a kuma kwatanta shi da ƙa'ida mai sauƙi wadda mai lura da ma'aikata zai iya bi da ka ba tare da kwamfuta ba. Ga ɗalibin injiniyan masana'antu ko ma'aikacin tsare-tsare da ya iya Python daidai gwargwado, 'yan kwanaki sun isa ya gina kwaikwayon farko, amma ya ware makonni domin auna lokutan aiki a gaban injuna.